Kafin ka miƙa makulli: yadda direban motar raba kaya zai duba motarsa bayan an tashi aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Direban da ke raba kaya da mota ƙirar Kanta ko Daina, ya ɗauko daga kasuwar Singa ko ta Dawanau ya zaga shaguna har Wudil ko Bichi, ya san yadda safiyarsa take. Masu lodi sun iso, mai kaya yana ta buga waya, rana tana ɗagawa. A wannan lokacin ko ya hango mai yana ɗiga a ƙarƙashin injin, abin da zai ce shi ne, "Bari mu je mu dawo." Shi ya sa a wurina dubawar da ta fi amfani ita ce ta yamma, bayan an sauke kayan ƙarshe. Mota tana da zafi, duk inda ke yoyo yana kan yoyonsa, duk ƙarfen da ke gugar ɗan'uwansa ya ɗumama, kunnenka bai manta ƙarar da ya ji da azahar ba, bakanike kuma bai rufe gareji ba. Ga dare guda a gabanku na yin gyara.

A Amurka wannan ba zaɓi ba ne. Dokar hukumar da ke sa ido kan manyan motocin haya, FMCSA, ta wajabta wa direba ya rubuta rahoto a ƙarshen aikin ranar idan ya ga matsala. Ta lissafa abubuwa 11 da rahoton zai shafa, ciki har da birki, sitiyari, fitilu, tayoyi, oda, madubai da kayan ko-ta-kwana. Kamfani zai ajiye takardar tsawon wata 3, kuma ba a sake fitar da motar sai an sa hannu cewa an gyara duk abin da ka iya jawo haɗari. A nan yawancinmu ba mai tsaya mana a kai, sai dai mutum ya ɗora wa kansa. Minti 15 zuwa 20 ya isa idan hannu ya saba.

Mataki na farko: tun kana kan hanyar komawa

Kilomita 2 ko 3 na ƙarshe, lokacin da bodi ya zama fanko, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi. Motar da ba ta da kaya tana bayyana ƙarar da nauyi ke dannewa. Ƙwas-ƙwas daga ƙasa idan ka faɗa rami yana nuna sifirin ko shokazoba. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya idan ka karya kwana, galibi boris ne. Kakkarwa a ƙarƙashin kujera idan ka taka totur, a duba farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya.

Inda hanya ta miƙe kuma babu kowa a bayanka, ka taka birki da ɗan ƙarfi. Motar ta tsaya a miƙe ko ta ja gefe guda? Idan ta ja hagu, to ko birkin dama ba ya kamawa yadda ya kamata, ko na hagu yana kamawa fiye da kima. Ka lura da sitiyari: wasan da yake yi kafin tayoyi su amsa bai kamata ya wuce faɗin yatsu 3 ba, wajen santimita 5 a babban sitiyari. Ka kalli gejin zafi da na mai da fitilun gargaɗi tun ba ka tsaya ba, don da ka kashe injin sun tafi da labarinsu.

Mataki na biyu: inda za ka ajiye ta, da abin da za ka gani kafin ka kashe

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe. A kan gangare sandar awon baƙin mai ba za ta ba ka ma'auni na gaskiya ba, a kan taɓo kuma ba za ka ga ɗigon komai ba. Ja hambirki, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗan saki kuloci a hankali. Idan motar ta motsa, hambirkin ya saki, ka riƙe wannan a ranka. Mayar da giya firi, yaron mota ya sa waigi a tayar baya.

Kada ka kashe nan take. Injin gas mai tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, yana bukatar minti 3 zuwa 5 yana aiki a hankali bayan doguwar tafiya, don mai ya ci gaba da zagaya tobon har ya huce. Kashewa da zafi kan ƙona man da ya rage a cikinsa, a hankali ya ci shi.

Wannan ɗan jiran ba ɓata lokaci ba ne, a cikinsa za ka duba fitilu. Ka zauna a kujera, yaro ya zaga: fitilar gaba doguwa da gajera, sigina hagu da dama, gaba da baya, danja idan ka taka birki, fitilar ribas, fitilar lamba. Idan kai kaɗai ne, ka juya bayan motar ga bango, hasken zai nuna maka ta madubi. Danja ita ce wadda ba ka taɓa gani da idonka kana tuƙi, ita ce kuma ran wanda ke binka a baya da daddare a hanyar Zariya ko ta Maiduguri. Ƙwan fitila ba shi da tsada. Ka ajiye biyu da fis a cikin mota, ka goge ƙurar da ta rufe gilashin danjar da sitika mai ƙyalli ta bayan bodi.

Ka leƙa salansa. Baƙin hayaƙi na nuna injin yana shan mai fiye da iskar da yake samu, ko dai matatar iska ta toshe ko nozul ya lalace. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi, musamman idan ruwan lagireto yana raguwa, a yi zargin gaskit. Danna oda, kunna waifa, sannan ka kashe.

Mataki na uku: birki, injin a kashe

Ƙananan motoci irin Kanta da Daina galibi birkin mai gare su. Ka taka sau 3, ka danne da ƙarfi, ka riƙe daƙiƙa 5. Ƙafarka ta tsaya cak. Idan tana nutsewa a hankali, mai yana zuba a wani wuri ko kuma babbar tukunyar birkin tana sakin mai ta ciki. Ka duba robar man birki. Raguwa kaɗan-kaɗan cikin watanni alamar lainin yana cinyewa ce. Raguwar da ta sa kana ƙari kowane kwana biyu yoyo ne, ƙarin mai kuma ba magani ba ne.

Manyan motoci irin DAF, MAN da Howo birkin iska ne. Bari tanki ya cika kafin ka kashe, waigi yana nan a taya, ka saki hambirki, ka danne birki, ka jira allura ta daidaita, sannan ka ƙirga minti 1. Ma'aunin da ake koya wa direbobi a Amurka shi ne kada iska ta ragu fiye da psi 3 (psi ma'aunin matsin iska ne) a mota guda, ko psi 4 a mai jan tirela. A gejin da ke ƙirga da ma'aunin "bar", psi 3 kusan 0.2 ne. Ka saurara kuma, tsit ɗin da ke biyo bayan kashe injin shi ne lokacin da ake jin iska tana fita ta tiyo ko mahaɗi. Daga nan ka ja bawul ɗin da ke ƙarƙashin kowane tanki, ruwan da ya taru ya fita. Ɗan ruwa ba abin tsoro ba ne. Ruwa mai yawa, ko ruwa haɗe da baƙin mai, yana nufin na'urar busar da iska ko kwamfireso na bukatar bakanike.

Mataki na huɗu: tayoyi da wili, a nan za ka daɗe

Fara daga tayar gaba ta gefen direba, ka zaga ta hanya guda kullum, don kada wata rana ka tsallake ɗaya.

Abu na farko zafi, kuma shi ne abin da dubawar safe ba za ta taɓa nuna maka ba. Kai bayan hannunka kusa da tsakiyar wili, kada ka dafa. Ka gwada na hagu da na dama a aksul ɗaya. Ɗumi iri ɗaya, lafiya lau. Idan ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko kana jin ƙauri, to birki ya maƙale ko boris ya bushe. Idan ɗaya sanyi ƙalau alhali sauran da ɗumi, mai yiwuwa birkin wannan ƙafar ba ya aiki ko kaɗan, sauran ne ke ɗauke masa. Kada ka watsa wa ƙarfe mai zafi ruwa, yana iya tsagewa.

Sai notuna. Durƙusa ka kalle su ɗaya bayan ɗaya. Notin da ya fara kwancewa yana barin shaida: siririn layin tsatsa, ja-ja, da ya taso daga gindinsa ya miƙe zuwa bakin wili, ko kuma ƙarfen da ke kewaye da shi ya goge yana sheƙi. Duk tayar da mai faci ya kwance yau, a sake ɗaure ta bayan ta yi kilomita 50 zuwa 100, don noti kan zauna ya saki. Ka duba ko wilin ya tsage tsakanin ramukan noti, ka duba ta ciki ko giris ko man aksul ya feso. Man da ya shiga lainin birki ya gama da shi.

Yanzu tayar kanta. Shafa tafin hannu a kan zanen, ka bi gefenta ciki da waje. Ƙusa, yanka, waya a fili, kumburi. Kumburi a gefen taya zaren ciki ne ya tsinke, ba a yi masa faci, ba a kuma mayar da tayar gaba ko na yini ɗaya. A cikin ramin zane akwai 'yan tuddai da kamfani ya sa, idan zanen ya yi daidai da su ya kai milimita 1.6, tayar ta ƙare. Ta gaba kuwa ni ba na son a jira ta kai nan, domin ita ke riƙe da sitiyari. Yadda taya ta cinye ma bayani ne: tsakiya kaɗai, iska ta yi yawa, gefe biyu, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima, gefe guda, alaimen ya goce.

Tagwayen tayoyin baya su ne suka fi yaudara. Ta ciki tana iya sacewa gaba ɗaya, ta waje ta riƙe motar, kai kuma ka ga komai daidai tunda babu kaya. Gobe a ɗora buhu ɗari, ta wajen ta ɗauki nauyin biyu, ta yi zafi, ta fashe a tsakiyar hanya. Ka bugi kowace da ƙarfe ko guduma. Mai iska tana amsawa da tauri, guduma ta dawo maka, wadda ta sace kuwa sai ka ji luf. Ka zura ido tsakaninsu, ka cire duk dutsen da ya maƙale, yana cin gefen tayoyin biyu, yana kuma iya tashi ya fasa gilashin na bayanka.

Bugun guduma ba ya maye gurbin geji. Amma kada ka auna iska yanzu ka ce ta yi yawa ka rage. Taya mai zafi iskarta na hawa, idan ka rage, da safe za ka tarar da ita ƙasa da ƙa'ida. Awon iska aikin safe ne, taya a sanyaye.

Sau ɗaya a wata ka karanta shekarun tayoyinka, har da safaya. A gefen taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi 4. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ƙirga wa taya shekara 4 daga ranar da aka yi ta. Ta tsananta wannan faɗakarwa bayan haɗarin 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, wanda ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu a cikinsa tare da matarsa da ɗansa bayan taya ta fashe. Tayar hannu 'yar Beljiyam tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta tsattsage, lambobin nan ne za su faɗa maka.

Kana durƙushe a nan, haska tocila kan sifirin. Ganyen da ya karye ko ya goce daga layi, ƙarfen da ke ɗaure shi da aksul ya saki, shokazoba ta jiƙe da mai. Tsaya daga baya ka kalli motar, idan ta karkata gefe guda ba kaya a kanta, akwai dalili. Duk wannan da ido ne daga gefe. Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga.

Mataki na biyar: injin da abin da ke ɗiga

Zuwa yanzu minti 10 ya wuce da kashewa, baƙin mai ya koma ƙasa. Idan motarka irin wadda ake ɗaga kanta ce, ka fara kwashe abin da ke cikin kan, gorar ruwa, waya, sifana, ka rufe ƙofofi, in ba haka ba su faɗo kan gilashi. Ka tabbata ƙarfen da ke tokare kan ya shiga kafin ka sa jikinka.

Zaro sandar awo, goge, mayar, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu. Baƙi a injin gas ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga ke nan, ko kuma ya ƙaru da kansa yana warin gas. Ko wanne ka gani, motar ba ta fita sai bakanike ya gani.

Lagireto kuwa, ina roƙonka, kada ka buɗe murfinsa yanzu. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa na iya wuce digiri 100, da ka murɗa zai feso maka a fuska da hannu. Ka kalli robar ajiyar ruwan daga waje, ka bi tiyo da ido ka ga ko ya kumbura ko akwai farin busasshen tabo a mahaɗi. Ƙarin ruwa sai da safe. Fambel, ka danna shi da babban yatsa, ka duba tsagewa da sheƙi. Batir, ka girgiza kawunansa, kada su motsa, ka goge farin garin da ke taruwa a kai.

Abubuwa biyu ƙasarmu ta ƙara mana. Na farko ƙura. Da hunturu, ko ga wanda ke shiga hanyoyin kasuwannin ƙauye, matatar iska na toshewa da wuri. Ka kakkaɓe ta a hankali, idan za a busa da iska a busa daga ciki zuwa waje, idan ta huje a sauya, don ƙurar da ta wuce ta kai tsaye cikin silinda za ta. Na biyu gas ɗin da ba ka san asalinsa ba. Idan ka sha na jarka a hanya, ka kwance ɗan famfon da ke gindin matatar gas, ruwan da ya kwanta ya fita har ka ga mai zalla.

Ƙarshe, ka tura faffaɗan kwali ƙarƙashin injin da giya, ka danne da dutse. Da safe ka jawo shi. Baƙin tabo baƙin mai ne. Kore ko ja mai ruwa-ruwa, ruwan lagireto. Ja mai santsi, galibi man sitiyari. Mai kauri mai ɗoyi, man giya. Inda tabon ya faɗa a kwalin zai nuna wa bakanike inda zai fara nema.

Mataki na shida: bodi da cikin kai

Share bodi. Ƙusar da ta fito daga katako za ta yaga buhun sukari gobe, kai za a cire wa. Idan yau ka ɗauki taki, maganin feshi ko siminti, gobe kuma abinci ne, shara ba ta isa ba, sai wanki. Gwada ƙofar baya, sakata da kwaɗo, ka shanya tamfol idan ya jiƙe, ka duba igiyoyi. Kayan da aka dawo da su a ƙirga a gaban mai sito yau, a sa hannu.

A cikin kai: tukunyar kashe gobara allurarta tana kan kore, alamar nan mai kusurwa uku, jak, wilsifana, tocila, bel ɗin kujera. Ganyen da ake zubawa a titi idan mota ta lalace ba ya ƙyalli da daddare. Ka duba ranar ƙarewar lasisi, inshora da takardar lafiyar mota, gara ka gano da kanka da jami'in VIO ko KAROTA ya gano maka da kayan mutane a baya.

Mataki na bakwai: rubuta

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma wanda ya fi kare direba. Ƙaramin littafi ya wadatar. Kwanan wata, lambar mota, lambar kilomita, inda allurar mai ta tsaya, sai abin da ka gani. Kada ka rubuta "birki ba daɗi." Rubuta, "Mota na jan hagu idan na taka birki, wilin gaba na hagu ya fi na dama zafi." Sabon ƙarzuwa ko lotsewa a jiki, ka ɗauki hoto ka tura wa maigida ta WhatsApp a daren, ranar da lokacin suna nan a jikin saƙon. Motar da direbobi biyu ko uku ke karɓa-karɓa, wannan ne ke hana a ɗora wa wani laifin wani.

Ka raba abin da ka gani gida biyu. Akwai wanda zai iya jiran ranar sabis: kujera ta yage, ɗan gumin mai a murfin injin, ƙaramin tsagu a gilashi nesa da idonka. Akwai wanda mota ba ta motsawa da shi: birki mai nutsewa ko mai zubar da iska, sitiyari mai wasa, taya mai kumburi ko waya a fili, noti ya ɓace, gas yana ɗiga, danja a mace, wilin da ya yi zafi shi kaɗai.

Na san faɗar wannan ga mai mota ba sauƙi, musamman ga wanda ake biya da yawan sawu. Amma yadda aka faɗa yana da tasiri. "Alhaji, mota ba za ta fita ba" daban yake da, "Ranka ya daɗe, boris ɗin gaba ya yi zafi, na tura maka hoto. Idan aka kira bakanike yanzu, in sha Allahu da hantsi mun yi lodi." Na biyun ya zo da hujja da mafita tare. Ku kuma iyayen gida masu motoci, direban da ya kawo muku irin wannan labari da magariba ya cece ku daga kuɗin janwe da asarar kaya, kada a yi masa kallon mai neman hutu. Ku sa mintocin nan cikin lokacin aikinsa, ku kuma sa hannu a littafin idan an yi gyara.

Idan motar tana da makashin batir, ka kashe. Bar ta a giya, hambirki a ja, waigi a taya, ƙofofi a kulle. Abin da ya rage wa safiya kaɗan ne: awon iskar tayoyi da geji, ruwan lagireto, kwalin da ka shimfiɗa, da duk abin da aka ce an gyara cikin dare. Wannan na ƙarshen ka gwada shi da ƙafarka da hannunka a cikin fili, kafin a ɗora buhun farko.